Yadda doka ke tsare aikin bututun gas na murhun ɗumama gida a Amurka

A jihohin arewacin Amurka da ƙasar Kanada, sanyin hunturu kan kai matsayin da ruwa ke daskarewa a cikin famfo, kuma yakan ɗauki makonni bai sassauta ba. A irin waɗannan wurare ba a ɗaukar murhun ɗumama gida a matsayin kayan alatu, domin kuwa rashinsa na dare ɗaya kan iya jefa rayuwar iyali cikin haɗari.

Kusan rabin gidajen Amurka da iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa ake ɗumama su. Ana janyo gas ɗin ne ta bututu daga titi zuwa cikin gida, kamar dai yadda ake janyo ruwan famfo, sannan a ƙona shi a cikin wani murhu da galibi ake ajiyewa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wata fanka ce ke hura iskar da ta yi ɗumi ta cikin hanyoyi na kwano zuwa ɗakunan gidan.

A 'yan shekarun nan jama'a da dama na sauya tsofaffin muraffansu da sababbi masu tsimin gas. Sai dai sauyin ya wuce a cire tsoho a ajiye sabo a gurbinsa. Sabon murhun na zuwa ne da nasa sharuɗɗan, kuma akwai kundin ƙa'idoji da ke fayyace komai, tun daga faɗin bututu har zuwa inda hayaƙi zai fita.

Mene ne murhu mai tsimin gas?

Ana auna ingancin murhu ne da yawan zafin da yake bari a cikin gida idan aka kwatanta da gas ɗin da ya ƙona a tsawon shekara. Murhun da aka saba da shi yana barin kashi 80 cikin 100, sauran kashi 20 ɗin kuma su bi hayaƙi su fita. Wanda ake kira mai tsimi kuwa yana farawa ne daga kashi 90, wasu ma sukan kai kashi 98.

Sirrin wannan bambanci yana cikin tururi. Idan gas ya ƙone, ruwa na daga cikin abubuwan da ke fitowa, amma a matsayin tururi mai ɗauke da zafi. Tsohon murhu yana sakin wannan tururi ya tafi da zafinsa. Sabon kuwa yana da akwati na biyu da hayaƙin ke ratsawa, inda yake hucewa har tururin ya koma ruwa, kamar yadda ake ganin ɗigon ruwa a murfin tukunya. A yayin da tururin ke komawa ruwa ne yake sakin zafin da ke tattare da shi, gidan kuma ya amfana.

Magidancin da ya sauya murhu mai kashi 80 da mai kashi 96 zai rage kimanin kashi ɗaya cikin shida na gas ɗin da yake ƙonawa wajen ɗumama gida.

Irin waɗannan muraffa sun fara shiga kasuwa ne a farkon shekarun 1980, bayan tashin farashin makamashi da aka yi fama da shi tun daga 1973. Kanada ta wajabta kashi 90 daga ƙarshen shekara ta 2009, ta kuma ɗaga shi zuwa kashi 95 a 2019. A Amurka kuwa, ma'aikatar makamashi ta fitar da ƙa'ida a 2023 wadda ta tanadi kashi 95 daga ƙarshen 2028, matakin da ƙungiyoyin kamfanonin gas suka ƙalubalanta a kotu.

Wa ke rubuta ƙa'idojin?

Babu wata dokar tarayya guda ɗaya da ke kula da bututun gas na cikin gidaje a Amurka. Ƙungiyoyin ƙwararru ne ke rubuta kundin ƙa'idoji, sannan kowace jiha ko birni ta ɗauki wanda ta ga dama ta mayar da shi doka, wani lokaci tare da nata gyare-gyaren.

Fitattu daga ciki su ne kundin da ake kira NFPA 54, na ƙungiyar kare aukuwar gobara ta ƙasar wadda aka kafa a 1896, da kuma kundin IFGC. Wasu jihohin yammacin ƙasar suna bin kundin aikin famfo na UPC. Ana sabunta waɗannan kundaye ne duk bayan shekaru uku. Ita kuwa Kanada tana da nata mai suna CSA B149.1.

Bugu da ƙari, littafin umarnin da kamfani ke haɗawa da murhu shi ma yana da ƙarfin doka, domin kundayen sun ce dole a girka na'ura bisa umarnin wanda ya ƙera ta. Shi ya sa jami'in dubawa kan nemi ganin littafin a wurin aiki.

Da yawa daga cikin ƙa'idojin sun samo asali ne daga wani bala'i da ya auku. A ranar 18 ga watan Maris na 1937, wata makaranta ta yi bindiga a garin New London na jihar Texas, inda ɗalibai da malamai kusan 300 suka rasa rayukansu. Gas ne ya yi ta yoyo ya taru a ƙarƙashin ginin ba tare da kowa ya sani ba, saboda iskar gas ta asali ba ta da wari. Bayan wannan ne jihar ta wajabta zuba wa gas sinadari mai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, daga bisani sauran wurare suka bi sahu.

Faɗin bututu

Gas ɗin da ke yawo a cikin gida ba shi da ƙarfin matsi sosai. Ana auna shi ne da tsawon ruwan da zai iya ɗagawa a cikin siririn bututu, kuma a yawancin gidaje bai wuce inci 7 ba, wato kimanin santimita 18. Iskar da ke cikin tayar mota ta ninka wannan fiye da sau ɗari.

Da yake matsin kaɗan ne, ba a son a yi asararsa a hanya. Duk tsawon da bututu ya ƙara, ko ya ƙara ƙanƙanta, gas ɗin da zai isa ƙarshensa raguwa yake yi. A jadawalin da aka fi amfani da shi, ana yin lissafi ne ta yadda raguwar matsin ba za ta wuce rabin inci na ruwa ba daga mita zuwa na'ura.

Ma'aunin zafi da ake amfani da shi a can shi ne BTU. Gas mai cika akwatin da ke da ƙafa ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi yana ba da kimanin BTU 1,000. Saboda haka murhu mai cin BTU 80,000 a sa'a yana buƙatar irin wannan akwati 80 a kowace sa'a.

A ɗauki misalin gida mai na'urori huɗu: murhun ɗumama gida mai BTU 80,000, da tankin dafa ruwan wanka mai 40,000, da murhun girki mai 65,000, da na'urar busar da tufafi mai 35,000. Jimilla 220,000 ke nan. A ce kuma na'urar da ta fi nisa tana da tazarar ƙafa 60 daga mita.

Ƙa'idar ita ce a yi amfani da wannan tazara mafi tsawo wajen lissafin kowane reshe na bututun. Jadawalin ya nuna cewa a ƙafa 60, bututun ƙarfe mai rabin inci yana ɗaukar 65 ne kawai, mai kashi uku cikin huɗu na inci yana ɗaukar 137, mai inci ɗaya kuma 257. Ke nan babban bututun da ya taso daga mita dole ya zama mai inci ɗaya, tun da 220 ake nema. Reshen da ya nufi murhun ɗumama gida kuma ba zai yiwu da rabin inci ba, domin 80 ya zarce 65.

Sau da yawa sabon murhu ba ya cin gas kamar tsohon da aka cire, don haka tsohon bututu kan wadatar. Matsala kan taso ne idan magidanci ya haɗa da wani sauyin. Idan ya cire tankin ruwan wanka ya sa na'urar nan mai dafa ruwa nan take, wadda kan ci har BTU 199,000, jimillar gidan za ta tashi zuwa 379,000. A nan bututu mai inci ɗaya ya gaza, sai an koma mai inci ɗaya da kwata, wanda ke ɗaukar 528 a wannan tazara. Wani lokaci ma sai kamfanin gas ya sauya mitar kanta.

Idan aka bar ƙaramin bututu, alamar kan bayyana ne a ranar da sanyi ya fi tsanani. Murhu na ci, sai wani ya buɗe ruwan zafi, matsin ya faɗi, wutar ta yi rauni ko na'urar ta kashe kanta.

Yawan matsi ma haɗari ne. Bawul ɗin da ke cikin murhu ba a yi shi don ya jure fiye da inci 14 na ruwa ba. A ranar 13 ga watan Satumba na 2018, an ga abin da hakan ke haifarwa a garuruwan Lawrence da Andover da North Andover na jihar Massachusetts, lokacin da wani kuskure a aikin sauya bututun titi ya sa gas mai ƙarfi ya kwarara cikin gidaje. Mutum ɗaya ya mutu, gine-gine 131 kuma suka lalace.

Irin bututun da aka amince da shi

Baƙin ƙarfe mai kauri shi ne bututun da aka daɗe ana amfani da shi. Ana ɗaure gaɓoɓinsa ne ta hanyar murɗawa, tare da shafa wani man toshe kafa wanda gas ba ya narkar da shi. Dole a tallafe shi da maƙalai, misali mai rabin inci a kowace ƙafa 6, don kada nauyinsa ya sassauta gaɓoɓin.

An haramta ƙarfen zubi saboda yana tsagewa. Jan ƙarfe kuwa ana amincewa da shi ne kawai inda gas ɗin ba shi da yawan sinadarin farar wuta mai cin sa. Bututun roba mai launin rawaya na waje ne, ana binne shi a ƙasa, ba a shigar da shi cikin gini. Akan binne wata waya tare da shi don a iya gano inda ya bi da na'ura. Tun shekara ta 2007 ne aka fara amfani da lambar waya 811 a faɗin Amurka, wadda ake kira kafin a yi haƙa a ƙasa.

Wajen shekara ta 1990 wani sabon bututu ya shigo Amurka, wanda ake kira CSST. An yi shi ne da siririn ƙarfen da ba ya tsatsa, yana lanƙwasuwa kamar tiyo, kuma a Japan aka fara ƙera shi saboda yawan girgizar ƙasa. Ma'aikata sun karɓe shi hannu biyu domin yana rage yawan gaɓoɓi da lokacin aiki.

Sai dai daga baya an gano cewa idan tsawa ta faɗi kusa da gida, wutar kan yi tsalle tsakanin wannan bututu da wani ƙarfe da ke kusa, ta huda siririn jikinsa, gas ya fita ya kama da wuta. Wannan ya sa kundin NFPA 54 na shekara ta 2009 ya wajabta a haɗa bututun da kakkaurar wayar jan ƙarfe zuwa ga hanyar da ke kai wutar lantarkin gida cikin ƙasa. Daga baya kamfanoni sun fito da wani nau'i mai baƙar riga da ke jure irin wannan wuta. Har yanzu rashin wannan waya na daga cikin abubuwan da masu duba tsofaffin gidaje ke cin karo da su.

Akwai kuma wuraren da bututun gas ba ya bi ko da wane iri ne. Ba a ratsa shi ta cikin hanyar iskar da ke zuwa ɗakuna, ko ta cikin mafitar hayaƙi. Haka nan ba a ɓoye mahaɗin da ake kwancewa a cikin bango, inda babu mai ganinsa idan ya fara yoyo.

Abubuwa uku a gefen murhu

Jami'in dubawa kan fara kai idonsa ne ga ɗan guntun bututun da ke gefen murhu, inda ake buƙatar abubuwa uku.

Na farko shi ne bawul ɗin rufe gas. Dole ya kasance a ɗaki ɗaya da murhun, kuma kada nisansa ya wuce ƙafa 6, ta yadda za a iya rufe shi nan da nan ba sai an kashe gas ɗin gidan baki ɗaya ba.

Na biyu shi ne mahaɗin da ke ba da damar cire murhun ba tare da yanka bututu ba. Wurinsa yana tsakanin bawul da murhu, don a iya rufe gas kafin a kwance shi.

Na uku shi ne tarkon datti. Wani ɗan guntun bututu ne mai murfi da ke kallon ƙasa, wanda tsawonsa bai gaza inci 3 ba bisa kundin NFPA 54. Ana tsara shi ta yadda gas zai karya kwana kafin ya shiga murhu, shi kuwa tsatsa ko ɓurɓushin ƙarfe ya zarce ya faɗa cikin tarkon. Ƙwayar tsatsa guda ɗaya na iya hana bawul ɗin cikin murhu rufuwa da kyau.

Idan an yi amfani da ɗan tiyon ƙarfe mai lanƙwasuwa wajen haɗa murhu da bututu, to ba a ratsa shi ta bango ko daɓe, kuma ba a ɗauko na tsohon murhu a sa wa sabo. Kamfanoni kan umarci a fito da tsayayyen bututu daga cikin akwatin murhun, domin kaɗawar fanka na iya sa bakin kwano ya yanke tiyon sannu a hankali.

Gwajin yoyo

Kafin a saki gas a cikin sabon bututu, sai an gwada shi. Ana toshe bakunansa, a hura masa iska ko naitirojin, a maƙala ma'auni, sannan a zuba ido. An haramta yin gwajin da iskar oksijin domin tana rura wuta.

Kundin IFGC ya ce matsin gwajin ya ninka na aiki sau ɗaya da rabi, kuma kada ya gaza fam 3 a kan kowane inci murabba'i, wanda ya kai kusan ninki 12 na matsin gas ɗin gida. A gidan iyali ɗaya, dole allurar ma'aunin ta tsaya cik na aƙalla minti 10. Kundin UPC ya fi tsanani, domin fam 10 yake nema na minti 15.

A lokacin gwajin ana raba murhun da bututun, in ba haka ba matsin zai lalata bawul ɗinsa. Bayan an saki gas kuma, akan bi gaɓoɓin da ruwan kumfa ko na'urar shinshino gas. Doka ta hana neman yoyo da ashana ko kyandir.

Ko fitar da iskar da ta rage a cikin sabon bututu yana da nasa haɗarin. A watan Yuni na 2009, a wata masana'antar abinci da ke garin Garner na jihar North Carolina, an saki gas a cikin gini yayin da ake ƙoƙarin kunna sabuwar na'urar dafa ruwa. Ginin ya yi bindiga, mutane huɗu suka mutu. Bayan binciken da aka yi, an tsaurara ƙa'idar ta yadda manyan bututu sai a waje ake fitar da iskarsu. Binciken ya kuma ja hankali ga wani abu: sabon bututun ƙarfe kan tsotse warin da aka zuba wa gas, don haka hanci kaɗai ba abin dogaro ba ne.

Mafitar hayaƙi

A nan ne sabon murhu ya fi bambanta da tsoho. Hayaƙin tsohon murhu yana da zafi ƙwarai, shi ya sa yake tashi da kansa ta doguwar mafitar bulo zuwa saman rufi. Na sabon kuwa ya riga ya huce, yana kuma ɗauke da laima mai tsami. Idan aka tura shi cikin mafitar bulo, ba zai tashi da kyau ba, kuma tsamin zai cinye siminti da ƙarfe.

Don haka ana fitar da shi ne ta bututun roba, irin su PVC, da taimakon wata ƙaramar fanka, galibi ta jikin bango. Tun da turo hayaƙin ake yi da ƙarfi, kowace gaɓa sai an liƙe ta sosai, domin duk wata kafa cikin gida za ta zubo da shi. Kanada ta wajabta tun 2007 cewa sai robar da aka tantance musamman don wannan aiki za a yi amfani da ita.

Bututun yana buƙatar gangare zuwa ga murhu, kwatan inci a kowace ƙafa, wato kusan santimita 2 a kowace mita. Idan ya lotsa a tsakiya, ruwa zai kwanta ya toshe hanya.

Bakinsa na waje kuma sai ya ɗara ƙasa, ko inda ake tsammanin dusar ƙanƙara za ta kai, da aƙalla inci 12. Akwai kuma tazarar da aka ƙayyade tsakaninsa da taga ko ƙofa. A watan Janairu na 2005, wata yarinya 'yar shekara 7 ta rasu a garin Plymouth na jihar Massachusetts, bayan dusar ƙanƙara ta toshe mafitar na'urar ɗumama gidansu. A cikin shekarar jihar ta kafa dokar da ta wajabta sanya na'urar gargaɗi a gidaje. Ƙa'idojin jihar sun kuma buƙaci a manna allo a bango, sama da irin wannan mafita, don a san inda take ko da ƙanƙara ta rufe ta.

Abin da ya kashe yarinyar shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Ita ce dai ke fita daga janareta ko kaskon garwashi da aka shigar ɗaki aka rufe ƙofa. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Alamunta na farko, wato ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sun yi kama da na mura. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce fiye da mutane 400 ne ke mutuwa a ƙasar kowace shekara sakamakon shaƙar wannan iska bisa kuskure, ban da waɗanda gobara ta rutsa da su.

Akwai wata matsala kuma da sauyin murhu ke haifarwa, wadda ma'aikata ke yi wa laƙabi da maraicin tankin ruwa. A tsofaffin gidaje, murhu da tankin ruwan wanka mafita ɗaya suke amfani da ita. Idan aka cire murhun, sai tankin ya saura shi kaɗai a mafitar da ta yi masa girma. Ɗan hayaƙinsa ba zai iya ɗumama ta ba, saboda haka yana iya dawowa cikin gida. Maganin shi ne a zura ƙaramin bututun ƙarfe a cikin mafitar, ko a sauya tankin.

Iska da ruwa

Wuta ba ta ci sai da iska. Idan murhu zai ja iskarsa daga cikin ɗaki, kundin ya ce a tanadi fili mai girman akwati 50 na ƙafa ɗaya-ɗaya ga kowane BTU 1,000. Murhu mai 80,000 ke nan yana buƙatar ɗaki mai ƙafa 25 a tsawo, 20 a faɗi, 8 a tsayi. Gidajen zamani kuwa ana toshe su ruf don kada sanyi ya shiga. Shi ya sa aka fi son tsarin bututu biyu, ɗaya na shigo da iska daga waje, ɗayan na fitar da hayaƙi.

Shi kuma ruwan da ke ɗiga daga murhu na iya kaiwa lita 3 a sa'a idan murhun babba ne. Yana da ɗan tsami, kuma yana cin ƙarfe. Ana bi da shi ta bututun roba zuwa magudana, a wasu wuraren kuma sai an ratsa shi ta cikin tsakuwar farar ƙasa don kashe tsamin. Idan murhun yana wuri mai sanyi, kamar ƙarƙashin rufi, dole a kare bututun daga daskarewa.

A yankunan karkara da bututun titi bai kai ba, ana amfani da gas na tanki, dangin wanda ake girki da shi a tukunyar gas. Wannan ya fi ƙarfi sau biyu da rabi, don haka sai an sauya ƙananan kafofin da wuta ke fita a murhun. Ya kuma fi iska nauyi, saɓanin na bututun titi da ke tashi sama. Idan ya yi yoyo, kwanciya yake yi a ƙasa, abin da ya sa ya fi haɗari a ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Izini da lasisi

A yawancin biranen Amurka, sauya murhu na buƙatar takardar izini daga ƙaramar hukuma, sannan jami'i ya zo ya duba aikin. Wasu jihohin suna barin magidanci ya yi aikin gidansa da kansa idan ya karɓi izini. Wasu kuwa, irin su Massachusetts, sai mai lasisi kaɗai ke taɓa bututun gas. Idan ma'aikacin kamfanin gas ya tarar da haɗari, yakan rataya jar takarda a jikin na'urar ya rufe gas har sai an gyara.

Wasu masu gidaje kan kauce wa wannan hanya don gudun kashe kuɗi, amma kamar yadda Hausawa kan ce, araha ba ta ado. A ranar 26 ga watan Maris na 2015, wani gini ya yi bindiga a unguwar East Village ta birnin New York, mutane biyu suka mutu, gine-gine uku suka rushe. Bincike ya nuna cewa an yi haɗin gas ne ta ɓarauniyar hanya. A 2019 kotu ta sami mai ginin da ɗan kwangila da wani mai aikin famfo marar lasisi da laifin kisa ba da niyya ba. Tun a 2016 birnin ya kafa dokar duba bututun gas na manyan gine-gine duk bayan shekaru huɗu.

Ga wanda ya sami kansa a irin waɗannan ƙasashe, ko ɗalibi ne ko ɗan haya ko mai gida, shawarar da hukumomin kashe gobara ke bayarwa ba ta da wuyar riƙewa. A sa na'urar gargaɗin kabon monoksaid kusa da ɗakunan kwana. A share bakin mafitar hayaƙi duk lokacin da dusar ƙanƙara ta sauka. A kira ƙwararre ya duba murhu sau ɗaya a shekara kafin sanyi ya shigo.

Idan kuwa aka ji warin gas, kada a taɓa makunnin lantarki, kada a ƙyasta ashana. A fitar da kowa daga gidan, sai an yi nisa sannan a buga waya ga kamfanin gas ko 'yan kwana-kwana.